Bayan Zakara Ya Yi Cara

Tun da aka buɗe hanyar Madani a watan Janairun 2025, motoci suka fara maido da mutanenmu daga Gadarif da Kasala da Bur Sudan, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu wadda ba a ɗaga murya idan ana yin ta. Ana yin ta a gindin darbejiya bayan la'asar, ana yin ta a wurin mai shayi, ta fi kuma yawa a zaurukan WhatsApp. Wane, ai da aka tambaye shi ƙabilarsa a shingen bincike cewa ya yi shi ba Bahaushe ba ne. Wane ya tsere da dare ya bar tsohuwarsa a ɗaki. Wance wata goma sha uku tana dafa wa 'yan Da'ama shayi. Wane kuwa tun ranar da aka binne ƙaninsa ba a sake ganin takalminsa a ƙofar masallaci ba.

Waɗannan mutane namu ne. Da su za mu share tur'a idan ruwa ya dawo, da su za mu ɗauki gawa, 'ya'yansu ne za su nemi auren 'ya'yanmu. Saboda haka dole mu san yadda za mu yi da su, kuma ra'ayinmu shi ne hanyar da muka kama ta zunɗe da raɗa ba za ta kai mu gari ba. Za mu shiga maganar ta wata ƙofa da ba mu saba bi ba, wato ƙofar maƙwabtanmu Kirista, domin sun daɗe da wannan ciwo, sun kuma rubuta yadda suka yi jinyarsa.

Duk wanda ya tashi a kambo ya san su. Mutanen duwatsun Nuba da muka yi cirar auduga tare da su a hawasha ɗaya, 'yan Kudu da suka rage bayan rabuwar 2011, Kibɗawan Madani masu kantuna da ɗakunan magani, da Uduk na kudancin Nilul Azraƙ, waɗanda yaƙi ya tasa daga Chali a 1987 suka yi shekaru suna gudun hijira a ƙasar Habasha, suka dawo, aka sake tasa su a 2011. Wannan yaƙin ma bai tsallake su ba. A watan Janairun 2024, makonni kaɗan bayan faɗuwar Madani, aka cinna wa cocin Injiliyya na garin wuta. Mutanen da suka sha irin wannan sun san abin da tsoro ke yi wa zuciya.

A wata makaranta da aka tsugunar da mu lokacin gudu, wani dare ana hirar wani saurayi da ya musanta asalinsa a shinge, kowa yana jifansa da kalmar da ta zo bakinsa. Wani dattijo ɗan Nuba, tsohon maƙwabcinmu, yana gefe yana saurare. Da aka lafa sai ya ce su ma suna da mutum irin wannan a addininsu, kuma har gobe sunansa suke raɗa wa 'ya'yansu. Bitrus yake nufi. Mun sani Musulmi da Kirista sun saɓa a kan yadda al'amarin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ƙare a duniya, kuma wannan muhawara ba ita ta kawo mu ba. Labarin almajirin muke so, kamar yadda masu shi suke ba da shi.

Bitrus masunci ne daga Galili, kuma shi ne mai baki a cikin almajiran. A daren da za a kama malaminsu ya bugi ƙirji a gaban kowa cewa ko duka za su watse shi ba zai watse ba, ko da mutuwa ce. Malamin ya gaya masa kafin zakara ya yi cara zai musanta shi sau uku. Da masu kamu suka zo, Bitrus har takobi ya zare. Sauran suka gudu, shi ya bi daga nesa har farfajiyar gidan babban malamin Yahudawa, ya zauna cikin barori da dogarai yana jin ɗumin wutar gawayi, domin daren da sanyi. Nan wata baiwa ta ƙura masa ido ta ce ai shi ma yana tare da mutumin. Ya ce bai san abin da take faɗi ba. Aka sake, ya sake. A karo na uku waɗanda ke tsaye suka ce babu shakka yana cikinsu, domin harshensa ya tona shi, maganarsa ta mutanen Galili ce. Sai ya shiga rantsuwa yana tsine wa kansa cewa bai san mutumin ba. Zakara ya yi cara. Ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Harshensa ya tona shi. A nan ne ɗakin ya yi tsit a wancan dare, domin babu wanda bai gane wurin ba. Mu ma harshe ne ke tona mu. Yaranmu Larabcinsu ba ya bambanta da na kowa, amma dattijo yana buɗe baki ya furta harafin aini an san daga inda kakansa ya fito. Wanda harshe bai tona ba, zanen fuska ya tona shi, ko sunan ƙauyen da ke rubuce a takardarsa. Kuma lura da wanda ya karya Bitrus. Sa'o'i kaɗan kafin nan ya fuskanci masu takubba da kulake bai ja da baya ba, sai ga shi tambayar wata yarinya ta durƙusar da shi. Haka tsoro yake. Ba ya zuwa lokacin da mutum ya ɗaura ɗamara. Yana bari sai an gaji, an kwana ba barci, an rabu da 'yan'uwa, ana zaune cikin baƙi ana neman ɗan ɗumi. Wanda ya yi kwana uku a ƙasa daga Sinja zuwa Dindir da yara a bayansa, a daminar 2024, ya san mutumin da ya isa shinge na goma ba shi ne ya bar gida ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne Kirista ba su ɓoye labarin ba. Yana cikin Linjilarsu duka huɗu, har da wadda magabatansu suka ce Markus ya rubuta daga bakin Bitrus kansa. Al'umma ce ta ɗauki ranar kunyar jagoranta ta ajiye a littafin da take karanta wa yara. Da mu ne, da tuni maroƙa sun gyara zancen. Sun kuma ajiye ƙarshensa: bayan kwanaki, a bakin tafki, kusa da wata wutar gawayin, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar malaminsa, tambaya ɗaya a madadin kowace musu, sannan aka damƙa masa kiwon jama'ar. Ba a ce ya koma sahun baya ba. A ruwayarsu, wannan mutumin ne daga bisani aka kashe a birnin Rum zamanin sarki Neron yana kan imaninsa.

Mai karatu zai iya cewa wannan mutum ɗaya ne, mu kuwa gari guda muke magana. To, sun gamu da na gari guda ma, kuma wani ɓangarensa a bakin wannan kogin namu ya faru. A shekara ta 250 sarkin Rum Dekiyus ya ba da doka cewa kowa a daularsa ya je gaban kwamiti ya yi hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a ƙasar Masar, akasarinsu a yankin Fayyum, ga sunan mai ita, ga sa hannun jami'an da suka shaida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi yana jiran a duba lambarsa ta ɗan ƙasa zai gane nauyin 'yar wannan takarda. Wasu Kirista suka ƙi, aka ɗaure su, aka kashe wasu. Wasu suka gudu. Wasu suka ba da toshiyar baki aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi hadayar ba. Da yawa kuwa suka yi. Kibriyanus, bishop na Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa wasu ko jiran a kira su ba su yi ba, da ƙafarsu suka ruga dandali, har dare ya yi jami'ai suka ce a dawo gobe.

Shekara na zagayowa Dekiyus ya mutu a fagen yaƙi, matsin ya sassauta, sai ga duk waɗannan mutane a ƙofar majami'a ɗaya. Wanda ke da tabon bulala a baya, da wanda ke da takarda a aljihu, da wanda ya dawo daga maɓoya. Wani malami a Rum mai suna Nobatiyan ya ce waɗanda suka faɗi ba su da sauran wuri, ya ja mabiyansa suka ware. Wasu suka ce a yafe wa kowa nan take ba tambaya. Shi Kibriyanus kansa bai da bakin cika baki, domin ɓuya ya yi lokacin fitinar yana tafiyar da jama'arsa ta wasiƙa, har malaman Rum suka yi masa habaici a kai. A taron da suka yi a Kartaj a 251 suka tsai da cewa a duba kowane mutum shi kaɗai. Wanda ya sayi takarda daban, wanda ya yi hadaya daban, ana kuma duba ko da ƙafarsa ya je ko sai da azaba ta karya shi. Aka sa wa kowa gwargwadon tubarsa, ba a rufe wa kowa ƙofa har abada ba. Da suka hango wata fitinar tafe, suka karɓi dukan masu tuba, bisa hujjar cewa ba a tura mutum fagen fama shi kaɗai. Kibriyanus da aka yi wa gorin gudu, a 258 aka fille masa kai bai musanta ba. A Masar kuwa, bayan matsin da ya fara a 303, irin wannan gardama ta raba bishop na Iskandariyya da Malatiyus na Asyut, rabuwar da ta daɗe ƙarnoni bayan waɗanda suka fara ta sun zama ƙasa. Sarkin da ya matsa musu shekaru kaɗan ya yi. Hukuncin da suka yanke wa juna shi ya fi daɗewa yana cin su.

Kada wani ya ce wannan hikimar baƙi ce. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin Ammar ɗan Yasir, wanda aka kashe iyayensa a Makka, aka azabtar da shi har ya furta abin da ake so ya furta, ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kuka. Tambayar da aka yi masa a kan zuciyarsa ce, kuma malaman tafsiri sun ce a kansa aka saukar da ayar rangwame ga wanda aka tilasta, a cikin Suratun Nahli. Idan har an yi rangwame a kalmar da ta fi kowace kalma nauyi, da wane ma'auni muke auna yaron da ya ɓoye sunan ƙabilarsa bakin bindiga na ƙirjinsa?

Tarihinmu na kusa ma bai ba mu damar ɗaga hanci ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo ragowar har bakin Nilul Azraƙ, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a kudu da Sinnar. Muna alfahari da wannan, ya kuma cancanta. Amma Waziri Buhari ya koma cikin Sakkwato ya yi sulhu da Turawan, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya nemi fatawar malamai, ya rubuta risala yana bayyana dalilinsa. Da yawa daga waɗanda suka bi Attahiru sun juya daga hanya. Ba mu taɓa jin wani mai hankali a Mai Wurno ya ce mutanen Sakkwato na yau jikokin matsorata ne ba. Mu kanmu, in za a faɗi gaskiya, da yawanmu jikokin alhazan da guzuri ya ƙare musu ne a hanyar Makka, suka tsaya noman shekara ɗaya a Jazira, shekarar ta zama ɗari.

Akwai ƙorafi mai nauyi da za a yi mana, kuma ba za mu kauce masa ba. Uwar da aka harbe ɗanta saboda ya ce shi Bahaushe ne, ko saboda ya tsaya a ƙofar gida ya hana a shiga, za ta ce: wato ɗana wauta ya yi? Idan wanda ya musanta da wanda ya tsaya za su zauna tabarma ɗaya, mene ne amfanin tsayuwar? Ba mu da amsar da za ta share mata hawaye. Abin da za mu iya cewa shi ne karɓar wanda ya faɗi ba ya rage darajar wanda ya tsaya ko da ƙwayar gero. Sumayya mahaifiyar Ammar ta tsaya har aka kashe ta, ita ce shahidiya ta farko a Musulunci, ɗanta ya furta ya rayu, kuma babu malamin da ya taɓa rage ɗayansu don ya ɗaukaka ɗayan. Mun kuma lura da wani abu a ƙauyukanmu: waɗanda suka sha wuya da gaske su ne suka fi kowa kame baki. Masu zafin hukunci galibi waɗanda suka ji labarin yaƙin ne ta wayar hannu, daga wurin da ake da wuta da ruwa.

Iyaka kuwa tana nan, kuma Kiristan ma sun ja ta. A daren da Bitrus ya musanta, akwai wani almajirin, Yahuza, wanda ya karɓi kuɗi ya jagoranci masu kamu har inda malaminsa yake. Ɗaya ya ɓoye kansa, ɗaya ya sayar da wani. Wanda ya nuna gidan da ake ɓoye 'yan mata, wanda ya rubuta sunayen masu mota da masu zinariya, wanda ya ɗauki bindiga ya shiga ganima, wannan maganarsa ta alƙali ce da shaidu, kuma masu haƙƙi su ne za su yafe ko su ƙi, ba mu ba. Sai dai matar da ta dafa shayi don a bar 'ya'yanta su kwana lafiya, da mai injin niƙa da ya ci gaba da niƙa don garin bai da wani injin, da dattijon da ya je ya yi magana da kwamandan shinge don a bar gawa ta wuce maƙabarta, duk an cusa su cikin kalma ɗaya, muta'awin, kuma kalmar nan a yau tana iya kashe mutum.

Mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan kalma. A watan Yulin 2022, daga maganar neman sarautar gargajiya a Nilul Azraƙ, aka wayi gari ana ce mana baƙi a ƙasar da aka binne kakannin kakanninmu, aka kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da kewayenta, a watan Oktoba kuma fiye da 200 a Wad al-Mahi. A cikin Janairun 2025, a kwanakin da ake murnar ƙwato Madani, aka afka wa Kambo Ɗayba aka kashe aƙalla mutum 26 bisa zargin mutanen kanabi sun mara wa Da'ama baya. An kashe 'yan Kudu a Madani a kan wannan zargi har abin ya tayar da tarzoma a Juba. Ana tsare mutane don kawai an ce fuskarsu baƙuwa ce. A irin wannan yanayi, duk sunan da ɗayanmu ya jefa a Facebook yana cewa wane ya yi aiki da su, ba a cikin gida zai tsaya ba. Wanda zai karanta shi ba ya bambance wane da ƙaninsa, ba ya bambance ƙauyen da ƙabilar.

Saura wanda ya bar masallaci. Nasa ya fi na kowa wuyar magana, domin babu bindiga a ƙirjinsa yanzu, tsoron ya shige ciki ya zama tambaya: ina Allah yake ranar da aka shiga Wad an-Nura, ina yake ranar da aka ɗauki ƙanina? Mun ji masu wa'azi suna amsa irin wannan da tsawa, mun kuma ga tsawar ba ta dawo da kowa sahu ba. Dattijon nan ɗan Nuba ya ce a wurinsu, idan mutum ya daina zuwa coci bayan rashi, ba a aika masa mai wa'azi, mata ne ke kai abinci gidan, maza su zauna da shi ko ba a ce komai ba. Mu ma haka iyayenmu suke yi kafin mu koyi jayayya a waya. Mutumin da ke fushi yana tambayar ina Allah yake bai gama da Allah ba tukuna, kuma wanda ya yanke masa hukuncin ridda a bainar jama'a ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Limamai da masu unguwanni su hana kiran sunaye a mumbari da zaurukan waya. Wanda ke da ƙarar jini ko ta dukiya ko ta mutunci a taimaka masa ya kai ta gaban shari'a da shaidunsa, a raka shi, kada a bar shi shi kaɗai. Sauran kuwa, dattawa su zauna da su ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki, a ji abin da ya faru daga bakinsu, domin sau da yawa wanda aka ce ya bar tsohuwarsa, ita ce ta rantse masa ya tafi da jikokinta. Kada a hana kowa auren 'ya saboda abin da ya faɗa a shinge. Idan an tashi gayyar share Abu Ishirin a kira kowa da sunansa.

Saurayin da ake hirarsa a wancan dare ya dawo ƙauye tun kafin azumi. Yana gasa agashe a bakin titi kamar yadda mahaifinsa ya yi, da Hausa yake ciniki, amma idan dattawa suka zo wucewa sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyara gawayi. Har yanzu babu wanda ya tsaya ya tambaye shi abin da ya gani a shingen nan.